Sai bayan na fita takaba na fara koyon Faransanci

Ni Bakatsiniya ce, haihuwar cikin birni. A 2005 aka kai ni aure Maraɗi ina da shekara 20, kuma ba wanda ya ɗauki abin a matsayin auren ƙasar waje. Tsakaninmu da su bai cika kilomita 100 ba: a bi ta Jibiya, a tsallaka iyaka a Magama, a wuce Ɗan Isa, in duwan, wato kwastan, ba su tsare mota ba kafin azahar an isa. Kakata cewa ta yi ai gida aka mai da ni, tun da masu sarautar Maraɗi Katsinawa ne da suka bar birni zamanin jihadi, har gobe kuma Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce wa sarkinsu. Hausarsu tamu ce, tuwonsu namu ne. Lissafin kuɗi kaɗai ya ba ni wuya da farko, sai da na riƙe cewa dala ashirin ita ce sefa 100, jika kuma sefa 1,000. Cikin wata guda na iya, na ɗauka ke nan na biya duk abin da ƙasar za ta nema a wurina.

Mijina malamin firamare ne. Duk unguwa Mushe ake ce masa, har da ni, kuma na daɗe ban san cewa kalmar "monsieur" ce bakin Bahaushe ya lanƙwasa ba. Haka nake faɗin lakwal (makaranta), kaye (littafin rubutu), jandarma, ina cin Faransanci kullum ban san shi nake ci ba. Wanda na zo da shi daga gida kuwa bai taka kara ya karya ba. Zango ɗaya muka yi a ajin farko na ƙaramar sakandare, malamin ya shigo mu miƙe mu rera "Bonjour monsieur" kamar masu biya allo, sai aka yi masa canjin wurin aiki, ba a sake kawo wani ba.

Shekara goma sha biyu na zauna haka. Kasuwa da Hausa ake ci, rediyo na Hausa ne, ungozoma a wurin awo da Hausa take yi mini faɗa. Duk abin da ya zo a takarda na Mushe ne. Ya sha cewa, "Zo ki zauna in koya miki turanci ko kaɗan ne." A nan in an ce turanci sau da yawa Faransanci ake nufi, namu na Najeriya kuma ingilishi. Ni kuma in ce, "Mushe, wanda na sha bulala a kansa shekara shida me ya tsinana mini, balle in ƙaro wani?" Sai ya yi dariya ya koma kan gyaran kayen ɗalibansa da jan biro.

Ƙarshen 2016 cikinsa ya fara kumbura, idanunsa suka yi ɗorawa. Muka sha saiwoyin shawara har muka gaji, sannan aka kwantar da shi asibiti. Can na fara sanin abin da ake nufi da zama kurma alhali kunnenka lafiya lau. Likitoci su kewaye gadon, su yi magana da shi, ya amsa musu, su rubuta, ni ina zaune bakin gado da kwanon kunu a hannu ina bin bakinsu da ido. Kalma ɗaya ce ta riƙa dawowa har ta zauna mini a kunne: fwa, fwa, fwa. In sun fita in ce, "Mushe, me suka ce?" Ya ce, "Gajiya ce, sun ce in huta." Cikin watan Fabrairun 2017 Allah ya karɓi abinsa. Ranar da muke kwashe kayanmu wata ma'aikaciyar jinya ta miƙo mini ambulan ruwan ƙasa, ta ce takardunsa ne. Na kai gida na sa a ƙasan akwati, na danne da zannuwan aurena.

Ina cikin takaba aka fara zancen takardu. Mamaci in ma'aikacin gwamnati ne, mutuwarsa ma sai an rubuta ta sau goma: takardar shaidar rasuwa, ta aure, ta haihuwar kowane yaro, ta taron dangi inda ake fid da wanda zai tsaya wa magada. Ƙanin mijina ne ya tsaya, kuma ya yi zirga-zirga, ba zan ci haƙƙinsa ba. Wata rana ya zo da takarda shafi biyu, ya ce, "Matar yaya, sa hannu nan, amma ki fara kwafar waɗannan kalmomi uku a sama." Na kwafa baƙi bayan baƙi kamar ɗan aji ɗaya: lu et approuvé. Bayan shekara guda na san ma'anarsu. "Na karanta, kuma na amince." Ban karanta ba, ban kuma san da me na amince ba. Abin da ya iso hannuna daga kuɗin da aka biya bai kai rabin adadin da na gani a rubuce daga baya ba. Na bar wannan magana tun tuni saboda zumunci, amma hannuna ne a takardar, rubutuna ne a samanta.

Iyayena suka ce in kwaso yara in dawo Katsina. Na yi niyya. Abin da ya tsayar da ni shi ne karatunsu: babban zai shiga CM2, ajin ƙarshe na firamare, in na kai shi Najeriya sai ya koma baya ya fara da harshen da bai sani ba. Ina cikin wannan wasi-wasi ɗiyata ta dawo daga lakwal ranar da aka ba da hutun ƙarshen shekara, ta miƙo mini takardar sakamako ba ta ce komai ba. Na duba, ban gane komai ba sai kalma ɗaya a ƙasa da jan biro: redouble. Ingilishina ya taso ya ce mini ai ninki ke nan, yarinya ta ninka makinta. Na rungume ta ina sa mata albarka, har na ba ta dala biyar ta sayi alewa. Ta karɓa, ta fita zaure, sai na jiyo kukanta. Wanta ne ya shigo, kansa a ƙasa, ya ce, "Mama, cewa aka yi za ta maimaita aji."

Yarinya mai shekara takwas, ubanta ya mutu, karatunta ya zube, uwarta kuma ta ba ta tukuicin faɗuwa. Daren nan ban runtsa ba.

Akwai wata dattijuwa gida uku tsakaninmu, tsohuwar malamar firamare da ta yi ritaya bayan ta koyar fiye da shekara talatin. Inna muke ce mata. Ina fita takaba na je na durƙusa na gaya mata abin da ya kawo ni. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ɗiyata, shekarunki nawa?" Na ce talatin da biyu. Ta ce, "To ba ki da lokacin da za ki bi littafi daga bango zuwa bango kamar yaro. Kuɗinki ba na so. Ki sayi kaye, duk abin da ya ɗaure miki kai ki rubuta, ki zo mini da shi bayan la'asar. Ranar da kika zo ba tambaya, ki koma gida ki yi wankinki." Kitso nake yi mata duk sati biyu, shi ne ladanta. Kaye bakwai na cika a wurinta, suna nan har yau.

Tambayata ta farko a kan le da la ce. Na ji daɗi da ta ce Faransanci ma yana raba namiji da mace, na ce ashe ɗan'uwan Hausa ne, ba irin ingilishi da komai nasa ba jinsi ba. Murnata ba ta kwana ba. Rana a wurinmu mace ce, a wurinsu le soleil, namiji. Wata namiji ne, su kuma la lune. Gida namiji, la maison. Hannu namiji, la main. Ƙafa mace, le pied. Kamar da gangan wani ya zauna ya juya komai. Na ce, "Inna, to ta yaya ake ganewa?" Ta ce akwai ƴan alamu a wutsiyar kalma: masu ƙarewa da -tion kusan duka mata ne, masu -ment da -age galibi maza, amma la page da la plage da l'image sun ƙi bin layi. Sai ta tambaye ni, "Ke a Hausa ba cewa ake yi mai ƙarewa da a mace ce ba? To gida fa? Ruwa fa? Suna fa? Wa ya koya miki su maza ne?" Na ce haka na tashi na ji. Ta ce, "To kada ki ƙara haddace kalma tsirara. Kar ki ce maison, ce une maison. Ki ɗauke ta da zanenta."

Wanda bai kwanta mini ba har yau shi ne ils. Mata ɗari suna zaune, elles ne. Jariri namiji ɗaya ya shigo a goye, duka sun koma ils. Na ce wannan ai zalunci ne. Inna ta ce in kai ƙara Faris. Tu da vous kuwa ban sha wuyarsu ba, don mu ma ku muke ce wa babba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne da ta ce ɗan Bafaranshe tu yake ce wa uwarsa da ubansa, kuma tu ɗin nan bai san kai da ke ba, kowa ɗaya ne.

Sai baki. A nan na sha kunya ba kaɗan ba. Bahaushe ba shi da p, ba shi da v, f ɗinmu kuma da leɓe biyu muke hura ta, ba da haƙori ba. Pain da faim, burodi da yunwa, duk abu ɗaya suke fita a bakina. Inna ta sa ni riƙe ƴar takarda gaban leɓe ina tara iska ina fasawa, ta kuma sa ni cije leɓen ƙasa don v har ya yi tsami. Ranar da na fara zuwa lakwal ɗin yara ni kaɗai, na kwana ina maimaita jimlata: je viens vous voir, na zo ganinku. Ina shiga ofishin darakta tsoro ya kama ni, leɓena suka koma gida, na ce masa na zo in "boire" shi. Wato na zo in shanye shi. Bawan Allah ya danne dariya iya ƙarfinsa, ya ce mini da Hausa, "Hajiya, zauna, a kawo miki ruwa dai." Na fito ina jin kamar ƙasa ta tsage. Da na ba Inna labari ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce gobe ma in koma.

Wasalin u shi ne ya gagare ni. Wanda suke rubutawa ou shi ne u ɗinmu; wanda suke rubutawa u kuwa babu shi a Hausa sam. Dabarar Inna ita ce in ce "iii", in riƙe harshe a wurin, sannan in tsuke baki kamar mai fito. In na natsu yana fita. In ina sauri, dessus da dessous, sama da ƙasa, duk "dasu" ne a wurina. Ita r ta maƙogwaro da ake ji a bakin mutanen Faris, Inna ta ce in bar ta, ministoci ma a nan da harshe suke kaɗa tasu, ba wanda ya kore su daga aiki. Baƙaƙen da ake rubutawa ba a faɗa kuwa, na tambaye ta amfaninsu. Ils parlent, harafi uku a ƙarshe suna zaune ba aikin fari ba na baƙi. Ta ce suna nan kamar dangin miji ne, ba sa magana sai baƙo ya zo: s ɗin les shiru take, amma wasali na biyo ta sai ta farka ta zama z, a ce "lezanfan". Sai kuma ta gargaɗe ni da les haricots, wake, inda ba a yarda ta farka ba. Na ce me ya sa? Ta ce, "Rubuta shi a shafin waɗanda ba su da dalili." Shafin nan ya fi kowane cika.

Ƙidaya ta kusa sa ni ajiye karatun. Har sittin lafiya lau. Daga nan saba'in ta zama sittin-da-goma, tamanin ta zama huɗu-ashirin, casa'in da bakwai kuma quatre-vingt-dix-sept, huɗu-ashirin-goma-bakwai. Lambar waya a Nijar guda takwas ce, bibbiyu ake faɗinta, da yawa kuma da casa'in da wani abu suke farawa. Wata mata ta ba ni lambarta, na rubuta 4, 20, 10, 7, kafin ta gama na cika layi biyu. Inna ta ce a Beljiyam da Suwizalan da Kwango Kinshasa septante da nonante suke cewa, hankalinsu kwance. Na ce to mu me muka yi wa Allah? Ta ce, "Ke da kike raba kowane farashi gida biyar kafin ki faɗe shi da dala, ke ce za ki yi wa wani gorin lissafi?"

Abin da na lura da shi a hankali shi ne, ingilishin da nake taƙama da shi ya fi Hausa kai ni rami. Shi ya sa ni faɗin je suis 32 ans, alhali Bafaranshe kamar Bahaushe yake cewa, j'ai 32 ans, ina da shekara kaza. Shi ya sa na gama dikte, wato shifta, na ɗaga hannu na ce je suis finie, Inna ta ce, "Subhanallahi, ba ki ƙare ba tukuna, aikin ne kika ƙare. J'ai fini." Daga ranar na daina bi ta ingilishi, na koma auna Faransanci da Hausa kai tsaye. Sai ga shi Faransancin titin Maraɗi ma rabinsa Hausa ce da ta sa kwat. Ça fait deux jours, kwana biyu ke nan. Et la fatigue? Ina gajiya. Inna ta ce in gaisa da su yadda nake so, amma kada in rubuta su a takardar neman aiki.

Mutuwa ma sai da na koyi yadda ake faɗinta. A wasiƙar farko da na rubuta da hannuna don neman haƙƙin yara na sa mon mari a mort. Inna ta ja layi ta ce akwai ƴan aikatau da ba sa tafiya da avoir sai être: zuwa, tafiya, shiga, fita, haihuwa, mutuwa. Il est né, il est mort. Ta ce a takardar hukuma décédé ya fi ladabi, kamar yadda muke cewa ya rasu. Na sake kwafe wasiƙar sau huɗu. A ƙasa na rubuta veuve gaban sunana, karo na farko da na kira kaina da wannan suna a kowane harshe.

Da dare babban ɗana ne yake yi mini dikte. Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba, ban saba haɗa ido da shi ba, ko a gaban mutane aka yabe shi sai in kau da kai, yadda aka tarbiyyantar da mu. Yanzu ga ni zaune a tabarma da kaye, yaro ɗan shekara goma sha ɗaya yana tsaye da jan biron ubansa yana karanto mini, yana zagaye kurakuraina. Ranar farko ashirin da uku ya ƙirga a layi shida. Ya rasa yadda zai gaya mini, sai ya ce, "Mama, rubutunki yana da kyau." Wata shida muna haka kafin na lura mun fara hira, ni da shi, abin da ba mu taɓa yi ba.

A 2020, iyaka tana rufe tun Agustan 2019, ga korona ta zo ta ƙara, ƴar sana'ar atamfar da nake yi tsakanin Katsina da Maraɗi ta tsaya cak. Zaman gida ya sa na zazzage akwati, sai ga ambulan ɗin nan. Shekara uku ke nan ban taɓa ta ba. Rubutun likitoci na hannu ya gagare ni, amma akwai shafi ɗaya da aka buga da na'ura. Na fara bi da yatsa. Layi na biyu na ci karo da ita: le foie. Na san la foi, imani. Na san une fois, sau ɗaya. Duk "fwa" ake faɗinsu. Wannan mai e a ƙarshe, kuma namiji, sai da na buɗe ƙamus. Hanta.

Na ci gaba. Porteur connu de l'hépatite B depuis 2012. Depuis na san shi sarai, mun yi sati a kansa: tun. Tun 2012. Connu, sananne. Layin da ya biyo baya na karanta shi ya fi sau goma: avait été informé de la nécessité de faire dépister son épouse et ses enfants. Sai kalmomi uku su kaɗai: pas encore fait.

Na sa hijabi na tafi gidan Inna da rana tsaka, ba lokacin karatu ba. Ban nuna mata takardar ba. Na rubuta avait été informé a kaye, na ce, "Inna, wannan wane lokaci ne?" Ta ce plus-que-parfait, abin da ya riga ya faru kafin wani abin da shi ma ya wuce, an riga an sanar da shi ke nan, tun kafin ranar da ake ba da labari. Na ce ba yadda za a yi ya zama a ranar aka gaya masa? Ta ce da haka ne da a été za a rubuta. Sai ta cire tabarau ta dube ni, ta ce, "Ɗiyata, a ina kika samo wannan jimla?" Nan na fashe.

Shekara biyar ya san yana ɗauke da ciwon hanta. An ce masa ya kai ni da yara a gwada mu. Ya dawo gida ya ci tuwona, ya gyara kayen ɗalibansa, muka haifi na uku a 2013, bai ce mini uffan ba. A gadon asibiti ma, da aka maimaita maganar a gabana da harshen da ya san ba na ji, cewa ya yi gajiya ce. Na yi fushi da mamaci, abin da ban san ana yi ba. Sati biyu in na ɗaga hannu zan yi masa addu'a sai bakina ya yi nauyi. Na kuma yi fushi da kaina, don da na zauna ranar da ya ce in zo ya koya mini, da a bakin gadon nan na tsinci abin da ake faɗa.

Inna ce ta ce in bar kuka in kwashi yara mu tafi gwaji, fushi zai jira. Aka ɗebi jininmu mu huɗu. Ni aka ce jikina ya taɓa haɗuwa da cutar ya kore ta da kansa. Ƙananan biyu ba su da ita, rigakafin da aka yi musu suna jarirai ya tsare su. Babban yana ɗauke da ita. Likitan ya yi mini bayani da Faransanci, da ya ga ina bi sai bai juya zuwa Hausa ba, ni kuma na tsare shi da tambaya kamar yadda na saba tsare Inna. Ya ce ba ta cin abinci tare ake ɗauka ba, ta jini ce da haihuwa da kwanciyar aure, da reza ko askar da aka yi tarayya. Ba wanda zai iya cewa ga ranar da yaron ya samu. Ya ce a yanzu cutar kwance take, ba ya buƙatar magani, amma duk wata shida sai an duba jininsa an haska hantar, don irin wannan ciwo shiru yake aikinsa shekara da shekaru, ranar da ya yi magana ya riga ya gama ɓarna. Na tuna cikin Mushe.

Kalmomi ukun nan na ƙarshe su na riƙa juyawa. Na tambayi Inna, na tambayi likitan, na duba ƙamus biyu. Pas encore ba "bai yi ba" kawai ba ne, "bai yi ba tukuna" ne. Da ƙi ya yi, akwai kalmarsa, a refusé, kuma likita ba ya jin kunyar rubuta ta. Wanda ya rubuta tukuna, wani abu ya ji daga bakin majinyacin da ya sa shi zaton za a yi. Wataƙila tsoro ne ya riƙe shi, wataƙila kunyar abin da zan zata, wataƙila kullum cewa yake sai an yi albashi. A kan wannan tukuna na koma yi masa addu'a.

Inna ta rasu a 2023. Kayenta na shirya darasi ƴaƴanta suka ba ni, da jan littafin nan na nahawun Faransanci, Bescherelle, da ya rabu gida biyu don tsufa. Yanzu ina da ɗan shagon atamfa, kuma duk Asabar bayan la'asar mata bakwai zuwa goma suna zuwa zaurena, yawancinsu zawarawa da matan da mazansu suka tafi ci-rani. Ba littafi muke bi ba. Kowacce da takardar da ta dame ta take zuwa: sakamakon yaro, takardar magani, sammaci, takardar fili. Wata ta yi wata guda tana shan maganin da aka rubuta à jeun bayan ta ci tuwo, ba ta san kafin a karya ake nufi ba. A watan Maris na 2025 gwamnati ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki, muka yi murna ƙwarai. Sai dai takardun da matan nan suke kawo mini har yau ba wadda ta zo da Hausa. Ranar da na fara koya musu lu et approuvé, cewa na yi kowacce ta ajiye biro, mu fara karanta abin da ke sama.

Babban ɗana ya ci bak, jarabawar gama sakandare, a 2025, ya fi ni tsawo nesa. Har yanzu ba na kiran sunansa, amma tare muke zuwa asibiti duk wata shida. Zuwanmu na baya-bayan nan likita ya rubuta bayaninsa a ƙasan sakamakon ya miƙa masa, shi kuma bai duba ba ya miƙo mini, haka muka saba. Muna fita baranda na karanta masa a bayyane cewa yawan ƙwayar cutar yana nan en dessous de 2000. Ya tsaya cak ya ce, "Mama, dessus ko dessous? Ke duka ɗaya kike faɗinsu." Na kamo hannunsa na ɗora yatsarsa a kan o ɗin.